Mariƙin Allon Teku: In Ya Karye, A Ɗora Ko A Sake?

Akwai wani wasa da ake yi a kan teku wanda yawancinmu a akwatin talabijin muka san shi, in ban da waɗanda ke zaune a garuruwan gaɓa. Turawa suna ce masa winsafin. Mutum ne zai hau wani dogon allo marar nauyi ya tsaya cik, an kafa wa allon jigo, an zura wa jigon wani ƙyalle mai faɗi, iska ta cika ƙyallen ta riƙa tura shi yana zamiya a kan ruwa. Ba inji, ba sitiyari, ba birki. Abin da ke tsaya wa mai wasan a madadin waɗannan duka shi ne wani ƙarfe mai kama da baka biyu da aka haɗa baki da baki, wanda ya kewaye ƙyallen dama da hagu daidai tsayin kafaɗa. Masu wasan suna kiransa bum. Mu a nan bari mu ce masa mariƙi, tun da shi ake riƙewa.

To, wannan mariƙi yana karyewa. Idan kuwa ya karye, tambayar da ke zo wa mai shi ita ce wadda ke zo wa kowa ranar da kekensa ko injin niƙansa ya lalace: a kai wa mai gyara ne, ko a daure a sayi sabo? Mu mutane ne da ba mu saba jefar da kaya don ya sami rauni ba, kuma ni ina ganin wannan hali ne mai kyau. Sai dai a kan mariƙi, amsar ba ga gwanintar mai gyara take ba. Tana ga wurin da karayar ta auku, da kuma irin abin da aka ƙera shi da shi. Kuskure a nan ya wuce asarar kuɗi, domin mariƙi ba ya karyewa a tsakar gida. Sai mutum ya yi nisa da gaɓa, iska na kaɗawa da ƙarfi, sannan yake yin halinsa.

Wasan kansa ba tsoho ba ne. Wasu Amurkawa biyu a jihar Kalifoniya, Jim Drake wanda injiniyan jiragen sama ne, da abokinsa Hoyle Schweitzer, su ne suka nemi takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1968, aka ba su a 1970. Mariƙin farko na katakon tik ne, ana ɗaure shi a jikin jigo da igiya. Abin sha'awa, lokacin da rigimar mallaka ta kai gaban kotunan Ingila a farkon shekarun 1980, mariƙi yana cikin abubuwan da alƙalai suka tsaya a kai. An kawo shaida cewa wani yaro mai suna Peter Chilvers ya haɗa irin wannan allo tun 1958 a tsibirin Hayling, yana ɗan shekara 12, kuma sandunan da yake riƙewa, ko da yake miƙaƙƙu ne, sukan tanƙwara su yi baka idan iska ta cika ƙyallen. Kamfanin Amurkan ya faɗi shari'ar. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1984 a Los Angeles, mata suka sami nasu rukunin a 1992 a Basalona. A tsakanin nan alminiyam, wato abin da muke kira goran ruwa, ya kori katako. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 aka sami kai mai matse jigo ba sai an yi ɗauri ba. Daga baya kuma aka fara ƙera mariƙi da zaren kabon. Wuraren da wasan ya yi suna sun haɗa da tsibirin Maui na Hawai, da Tarifa a Sifen, da Essaouira a Maroko, da Dahab a Masar.

Kafin a yi maganar gyara, ya kamata mai karatu ya san sassan abin. Akwai kai, wanda galibi na roba mai tauri ne, yana da hannun matsewa da 'yar igiya, shi ke cafke jigo. Akwai hannuwa biyu, wato bututun nan masu lanƙwasa, an naɗe su da roba mai taushi irin ta silifa don kada hannu ya zame. Akwai wutsiya, wadda ake zurawa cikin hannuwan, a ja ta waje ko a tura ta ciki gwargwadon girman ƙyalle, a kulle ta da 'yan maƙalai masu shiga huda. A ƙarshen wutsiyar igiya take wadda ke miƙe ƙyallen. Sannan a kowane hannu akwai igiyar ɗamara: mai wasa yana ɗaure da ɗamara mai ƙugiya a ƙugunsa, ya saƙala ƙugiyar a wannan igiya, ya jingina baya ya sakar wa mariƙi nauyinsa duka.

Ku tsaya ku auna wannan. Mutum mai nauyin kilo 75 ya rataya a kan bututun da kaurinsa bai wuce milimita 30 ba, wanda bangonsa da ƙyar ya kai milimita 2, igiyar wutsiya tana matse bututun daga baya, allo kuma yana dukan raƙuman ruwa ɗaya bayan ɗaya. Gudun ma ba na wasa ba ne: a 2015 wani Bafaranshe mai suna Antoine Albeau ya yi gudun da ya haura kilomita 98 a sa'a a Lüderitz ta ƙasar Namibiya. Ko wanda bai kai rabin wannan ba, idan guguwa ta fizge shi yana saƙale da ɗamara, wurgi take yi da shi gaba ya faɗa kan mariƙin da ƙirji. Yawancin lanƙwasa da karaya daga irin wannan faɗuwa suke bayyana.

Lalacewar da ta shafi kai ko wutsiya ko igiyoyi ba ta da wani tashin hankali, kuma nan ne mai hannun gyara zai ci moriyar hannunsa. Igiyar kai, wadda kaurinta kusan milimita 4 ne, takan tsinke don gogayya; a sa sabuwa marar miƙewa, irin su Dyneema, ba igiyar shanya ba. Maƙalan wutsiya da suka fashe ana sayar da su daban. Kan da ya tsage ana cire shi a sa wani, muddin ya dace da kaurin bututun. Ba a liƙe kan roba da gam a koma ruwa da shi, domin gam ba ya kama irin wannan roba kamun da za a dogara da shi. Idan robar riƙo ce ta ɓare, sai a kankare tsohuwar, a goge ragowar gam, a shafa gam irin na masu gyaran takalmi a jikin bututu da jikin sabuwar robar, a bari ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a naɗe, a yanke gefen, a bi da samfefa. Wutsiyar da gishiri da yashi suka riƙe ta ƙi motsi kuwa, haƙuri take so: a jiƙa ta cikin ruwan daɗi kwana ɗaya ko biyu, a zuba ruwan zafi a mahaɗar, mutum biyu su riƙa murɗawa a hankali suna ja. Wanda ya ɗauko guduma ya gama da ita.

Inda maganar take da nauyi shi ne idan hannun alminiyam ne kansa ya karye. A nan ra'ayina ɗaya ne, kuma ba na ɓoye shi: wannan mariƙi ya gama aikinsa a teku. Na san wani mai walda zai karanta wannan ya yi murmushi, ya ce ai ya ɗora abin da ya fi wannan. Gaskiya ne zai iya haɗa shi, har ya goge wurin ya yi sumul. Amma akwai dalilai da suka sa haɗin ba zai riƙe ba, kuma kowanne cikin darasin kimiyya yake.

Na farko shi ne gajiyar ƙarfe. Abin da nake nuna wa ɗalibaina a aji shi ne waya: ka lanƙwasa ta sau ɗaya, ba komai, ka ci gaba da kai ta kana komo da ita, sai ta yi zafi ta ɓalle, alhali ba ka ƙara ƙarfi a lanƙwasar ƙarshe ba. Kowace lanƙwasa tana barin ɗan tsagu da ido ba ya gani, tsagun yana tafiya kaɗan kaɗan. Baƙin ƙarfe yana da wata iyaka, wadda in nauyin da ake ɗora masa bai kai ta ba, zai daɗe ƙwarai bai gaji ba. Alminiyam ba shi da wannan iyaka. Kowane ɗan motsi yana cin wani abu daga kwanansa. Duniya ta koyi wannan darasi da tsada a 1954, lokacin da jiragen sama biyu na fasinja samfurin Comet, ƙirar Ingila, suka tarwatse a sama a kusa da Italiya cikin wata uku, bincike ya gano gajiyar alminiyam ɗin jikinsu ce sanadi. Abin da wannan ke nufi ga mariƙi shi ne, karayar da ka gani ba ciwo ne na wuri ɗaya ba. Hannun hagu da na dama tare suka yi aiki, raƙuman ruwa ɗaya suka sha. In na dama ya ɓalle yau a bayan kai, ko daidai inda igiyar ɗamara take, to na hagu yana kan hanya. Ƙashin mutum yana haɗewa bayan ɗori don yana da rai. Ƙarfe ba ya warkewa.

Na biyu shi ne gishiri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri, kuma wannan ruwa yana shiga cikin bututun ta hudojin wutsiya ya kwanta. Daga waje alminiyam ba ya nuna jan tsatsa kamar baƙin ƙarfe. Farin gari yake yi, da 'yan ramuka kamar cin gara. Abin ya fi muni a inda aka sa ribit ko sukuru na ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙarafa biyu mabambanta a cikin ruwan gishiri sun zama batir ke nan, kamar na tocila, kuma a irin wannan batir alminiyam ne ake cinyewa. Shi ya sa karaya ta fi son wajen huda da wajen ribit, da kuma ƙarƙashin robar riƙo inda ba mai dubawa.

Na uku shi ne wutar waldar kanta. Alminiyam ɗin mariƙi ba irin na tukunya ba ne. Gauraye ne da aka gasa, aka tsoma a ruwa, aka sake gasawa da ƙaramar wuta na wasu sa'o'i har ya yi tauri. Shi ne ma'anar alamar T6 ko T8 da ake gani a jikinsa. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san cewa wuƙar da ta koma wuta takan rasa taurinta. Haka nan, gefen da walda ta taɓa yakan rasa sulusin ƙarfinsa ko fiye, wasu gaurayen ma ba su karɓar walda sam, tsagewa suke yi. Ga shi alminiyam yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ya gargaɗi mai aiki ba, bangon bututun kuma siriri. Sakamakon shi ne haɗi mai kyan gani, da wuri mai laushi dab da shi ta kowane gefe.

Wasu sukan bi wata dabara: a zura guntun bututu a ciki ya haɗa ɓarin biyu, a buga ribit. Wannan ya fi walda, amma ga aibinsa. Hannun mariƙi lanƙwasasshe ne, miƙaƙƙen bututu ba ya zama daram a cikinsa. Kowane ribit sabuwar huda ce. Kuma wurin da aka ƙarfafa ya daina bin motsi, sai nauyin ya taru a bakin guntun, can sabuwar karayar za ta fito. Irin wannan mariƙi yana da amfani guda: koya wa sababbin shiga yadda ake riƙo da juya ƙyalle a kan yashin gaɓa. Haka hukuncin yake ga wanda ya lanƙwashe sosai aka taka shi aka miƙar. An ƙara masa gajiya ne kawai. A tsofaffin ƙira masu hannuwa biyu daban daban ana iya sake hannu ɗaya, amma ni da zan ba da shawara, a sake biyun tare. Yawancin na yanzu ma bututu guda ne aka tanƙwara daga wannan gefe zuwa wancan, don haka babu hannu ɗaya da za a cire.

Mariƙin kabon labarinsa daban ne. Zare ne baƙi, siriri, mai ƙarfin gaske, aka jera shi hawa hawa aka daskarar da shi da gam ɗin efoksi. Bai da nauyi, ba ya lanƙwasa, gishiri ba ya cinsa, kuma yana jure yawan motsi fiye da alminiyam nesa ba kusa ba. Kuɗinsa yakan ninka na alminiyam sau biyu ko uku, wani lokaci fiye. Abin da ba ya so shi ne duka: faɗuwa kan dutse, ko a danne shi da kaya a bayan mota. Ba ya lotsawa ya nuna maka. Ciki yake rabuwa, ranar da zai tafi kuma lokaci ɗaya yake fashewa. Masu gyara sukan ƙwanƙwasa shi da kwabo suna saurare, inda ƙarar ta mutu nan ɓarnar take.

Shi kam ana gyara shi, in karayar a miƙaƙƙen wuri take kuma mai aikin ya san kabon. Ana goge gefen biyu da samfefa a yi musu gangare mai tsawo, a sa madogari a ciki, a naɗa ƙyallen kabon da aka jiƙa da efoksi hawa bayan hawa, wasu zaren suna bin tsawon bututun wasu suna gicciye, a matse da tef sosai, a bar shi ya bushe aƙalla kwana guda. Efoksi ake sawa, ba gam ɗin da ake gyaran bodin mota da shi ba. Mai gogewa ya rufe hanci da baki, domin ƙurar kabon ba ta da kyau ga huhu. In kuwa karayar a lanƙwasar gaba take kusa da kai, inda nauyi ya fi taruwa, ko kuma mariƙin ya fashe a wuri fiye da ɗaya, to kuɗin gyara da shakkar da za ta biyo baya sun fi ƙarfin ribar.

Saura abin da mutum zai yi in abin ya same shi a tsakiyar ruwa. Doka ta farko da ake koya wa kowane mai wasan ita ce kada ya rabu da allonsa. Allo ba ya nutsewa, kuma mai ceto ya fi saurin hango shi a kan ya hango kan mutum. Tun da hannu ɗaya ne yakan karye, akwai dabara: idan lafiyayyen hannun yana gefen da ake buƙata don komawa gaɓa, sai a lallaɓa a koma a hankali ba tare da saƙala ɗamara ba. Idan yana ɗaya gefen, sai a zauna a kan allo, a kwance igiyar wutsiya, a buɗe kai, a kifa mariƙin yadda lafiyayyen hannun zai dawo gefen da ake so, a mayar a ɗaure. In duk ya ƙi, a naɗe ƙyalle a ɗaure shi da igiyar ɗagawa, a kwanta a kai a yi tuƙi da hannu. Alamar neman agaji da ma'aikatan jiragen ruwa na duniya suka sani ita ce a miƙa hannuwa biyu gefe da gefe, a riƙa ɗaga su ana saukewa a hankali. Wanda ya fita ranar da iska ke busowa daga tudu zuwa teku, da mariƙin da yake shakka, shi ya san abin da ya taka.

Wajen sayen sabo, ƙyallen ne ke faɗin abin da za a saya. A gindin kowane ƙyalle an buga faɗinsa, da tsawon jigon da yake so, da tsawon mariƙi a santimita. Mariƙai kuma ana sayar da su da iyaka biyu, alal misali daga 140 zuwa 190, ko daga 160 zuwa 220. A zaɓi wanda lambar ƙyallen za ta faɗa a farkonsa ko tsakiyarsa, domin mariƙin da aka ja wutsiyarsa har ƙarshe yakan yi lilo, kuma ya fi saurin gajiya. A duba jigo ma: akwai mai kauri, kusan milimita 48, akwai siriri, kusan milimita 33, kuma kan da aka yi don mai kauri sai an sa masa zoben roba kafin ya kama siririn. Wanda bai da nauyi sosai, mai ƙaramin ƙyalle, alminiyam ya ishe shi, in ya yarda cewa abu ne mai wa'adi. Ƙato mai babban ƙyalle da ke fita kullum, wanda ya riga ya karya biyu, lissafi zai nuna masa kabon ya fi araha.

Na hannu kuwa, a yi masa binciken da ake yi wa dabba a kasuwa. A zare wutsiya gaba ɗaya a leƙa cikin bututu da tocila. Farin gari mai yawa ko ramuka sun isa a fasa ciniki. A ɗora shi a kan siminti mai laushi a ga ko hannuwan biyu sun kwanta daidai. A shafa robar riƙo a ji ko akwai kumburi a ƙarƙashinta. A duba kewayen kowane ribit. Tsohon alminiyam da ba a san tarihinsa ba, ko kyauta aka ba mutum, ya yi tunani.

Wanda ya sayi sabo kuma ya riƙa zare wutsiyar bayan kowace fita, ya wanke ciki da waje da ruwan daɗi, ya jingine shi bakin bututun na kallon ƙasa don ruwa ya tsiyaye, a inuwa, domin rana tana cin roba da igiya. Kada a shafa giris a wutsiya, yashi yake tarawa. Shi kuwa tsohon da ya karye, kafin a rabu da shi a cire kai da wutsiya da maƙalai da igiyar ɗagawa a adana, za su yi rana. Bututun a yanka shi gunduwa gunduwa da zarto don kada wani ya tsince shi ya ɗora ya shiga ruwa da shi, sannan a kai wa masu zubin tukwane, su auna su biya.